Kaka a bakin rafi: ina ganyen dajin Westchester ke zuwa idan ya zube?

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da warhaka.

Wannan dajin da kuke gani yana jihar New York ta Amurka, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga Bronx, unguwar da 'yan uwanmu Hausawa daga Gana da Nijar da Najeriya suke da yawa. Sunansa Ward Pound Ridge Reservation. Gundumar Westchester ce ke da shi, ita ke kula da shi, faɗinsa kuma ya haura eka 4,000. Ruwan da kuke jin ƙararsa shi ne Cross River. Kada a haɗa shi da na Najeriya, suna ne kawai ya zo ɗaya. Wannan ƙarami ne, a wurare da dama bai wuce gwiwa ba.

A ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba mutane kan cika hanyoyin ƙafa na dajin nan, kowa ido a sama yana ɗaukar hoton ganye. Suna da gaskiya, abin akwai kyau. Amma yau ina so mu sunkuyar da kai mu dubi ruwa, domin babban aikin kaka a can yake gudana.

Mu fara daga reshe. Da Satumba ta kama, yini na ƙara gajarta, dare yana tsawo, bishiya kuma tana jin canjin. Koren da ke cikin ganye, wato kulorofil, shi ke kama hasken rana ya haɗa wa bishiya abinci. Da sanyi ya doso, sai bishiya ta wargaza shi, ta janye abin da ke da amfani a ciki, musamman sinadarin naitirojin, ta ajiye a reshe da saiwa don baɗi. Rawayan da kuke gani da ma yana nan, kore ne ya rufe shi. Ja kuwa sabo ne, ganye ke haɗa shi daga sukarin da ya rage masa, kuma ya fi fitowa idan aka samu rana mai haske da dare mai sanyi wanda bai kai ga ƙanƙara ba. Shi ya sa wata shekarar dajin kan yi ja zur, wata kuma ya dushe. Ku lura da bishiyoyin mapul da ke tsaye a fadama, saiwarsu cikin laima: su ke riga kowa canza launi. Daga ƙarshe sai wani siririn layi ya toshe gindin ganyen, iska ta kaɗa, ya faɗo.

To, ya faɗa rafi. Sai me?

Ku dubi bayan dutsen nan, inda ganye ya taru ya yi dami. Wanda bai sani ba zai ce shara ce ta toshe ruwa. Wallahi wannan damin shi ne rumbun rafin. Ƙoramar da ke ratsa daji duhuwar bishiyoyi ta rufe ta duk bazara, rana ba ta isa ƙasanta sosai, don haka tsiron ruwa kaɗan ne. Abincinta daga tudu yake zuwa. A 1973 masana biyu, Stuart Fisher da Gene Likens, sun fitar da sakamakon awon da suka yi a wani ƙaramin rafi mai suna Bear Brook a jihar New Hampshire. Sun gano cewa fiye da kashi 99 cikin 100 na abincin da ke shiga rafin daga wajensa yake fitowa, daga ganye da rassa da abin da ruwa ya wanko daga ƙasar daji.

Ganyen ba ya ciyuwa nan take. A kwanakin farko ruwa ke tsotse zaƙin da ke jikinsa, shi ya sa a kwarin da ruwa ya kwanta za ku ga ya yi kalar shayi. Bayan haka naman gwari da ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su mamaye shi, su tausasa shi, kamar yadda ake jiƙa gero kafin a kai niƙa. Sai a lokacin ƙananan ƙwarin ruwa ke zuwa su yayyaga shi. Akwai wata tsutsa a cikinsu da ke yanka guntayen ganye da tsakuwa ta ɗinke su da zaren bakinta, ta yi gida, ta riƙa yawo da shi a bayanta. Ɓarɓashin da waɗannan suka zubar, ruwa ya kai wa wasu na ƙasa da su masu tace shi. Manyan ƙwari su ci ƙanana, kifin tirawut ya ci su duka, tsuntsu ya ci kifi. Har da tsari a lamarin: ganyen mapul yana da laushi, ya ƙare da wuri, na bishiyar oak kuwa mai tauri ne, yakan kai har ƙarshen hunturu. Dajin da ke da bishiyoyi iri-iri yana ciyar da rafinsa wata da watanni ba yankewa.

An gwada a ga abin da zai faru idan babu ganyen. A shekarun 1990, a dajin bincike na Coweeta da ke jihar North Carolina, masana sun shimfiɗa raga a saman wani rafi suka hana ganye faɗawa ciki shekara bayan shekara. Ƙwarin da ke cin ganye suka ragu ƙwarai, masu farautarsu ma suka bi su.

Saboda haka roƙona ga duk wanda ya zo: kada ka ga damin ganye ka sa sanda ka watsa shi da sunan gyara. Idan ka ɗaga dutse don yara su ga abin da ke ƙasansa, abu ne mai kyau, amma ka mayar da shi yadda ka same shi. Ɗabi'ar nan ta kwaso duwatsun rafi a jera su bisa juna don hoto, gidajen halittu ake rushewa.

Ruwan nan kuma ba baƙo ba ne ga mazauna Bronx. Daga dajin yake gangarawa madatsar Cross River, ɗaya daga cikin madatsun Croton, waɗanda ke samar da kimanin kashi 10 cikin 100 na ruwan shan birnin New York. Matatarsa tana ƙarƙashin ƙasa a filin Van Cortlandt da ke Bronx, ta fara aiki a 2015. Ƙasar daji da saiwoyi su ke fara tace shi tun kafin ya isa injin.

Muna tafe za ku ga katangun duwatsu sun ratsa tsakiyar daji, gansakuka ta rufe su. Iyakokin gonaki ne. Ƙanƙarar da ta rufe yankin shekaru kusan 20,000 da suka wuce ta bar duwatsu barkatai, manoma suka yi ta tsince su suna jerawa a gefen gona. Da noma ya koma yammacin ƙasar, gonakin suka mutu, gunduma ta saye su a 1925, daji ya dawo da kansa. Wato yawancin bishiyoyin nan ba su da wani tsufa sosai. Akwai kuma kogon da ake dangantawa da wani matafiyi da ake kira Leatherman saboda tufafinsa na fata, wanda ya yi shekaru yana zagayen mil 365 a ƙafa tsakanin kogunan Hudson da Connecticut kafin rasuwarsa a 1889.

Yanzu ga mai niyyar zuwa. A ganina, ka bari sai kamar mako ɗaya bayan launi ya kai ƙarshen kyansa. Jama'a sun ragu, rassa sun buɗe, haske ya sauka kan ruwa, ganyen kuma yana inda muke son ganinsa. Ba a yin ɓata idan ana bin alamun fenti da ke jikin bishiyoyi, kowace hanya da launinta, alama biyu a tare kuma na nufin hanya za ta karkata a gaba. Wannan yana da muhimmanci a kaka, domin ganye kan rufe turba ɗungurum. Jiƙaƙƙen ganye a kan dutse santsi ne da shi, a sa takalmi mai riƙe ƙasa. A kiyayi wani tsiro mai yaɗo, mai ganye uku-uku, wanda ke yin ja mai ɗaukar ido a wannan lokaci: taɓa shi na kawo ƙaiƙayi da ƙuraje. A Lahadin farko na Nuwamba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, rana ta riƙa faɗuwa kafin ƙarfe 5, La'asar ta shiga kafin ƙarfe 3, a kwarin rafi kuma duhu ya fi saurin sauka. A fito da sassafe, a riƙo ruwan sha da na alwala.

Sai kaska, wadda ban yarda a yi wasa da ita ba. Kaskar barewa ke yaɗa cutar Lyme, wadda aka gano a garin Lyme na jihar Connecticut mai maƙwabtaka a 1975, kuma manyan kaskar suna yawo a Oktoba da Nuwamba, cikin ganyen da ya zube da gefen ciyawa. A cusa ƙafar wando cikin safa, a sa tufafi masu haske don a gan ta. Da an koma gida a yi wanka, a duba jiki sosai: hammata, bayan gwiwa, ƙugu, bayan kunne da cikin gashin yara. Idan an same ta maƙale, a sa hantsaki a kama ta dab da fata a ja a hankali a miƙe, ba a ƙona ta, ba a shafa mata mai. Galibi sai ta wuce yini guda a jiki kafin ta sa cutar, don haka cire ta da wuri kariya ce babba. Idan bayan kwanaki aka ga jan tabo yana faɗaɗa a wurin, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, a je wurin likita a gaya masa ranar da aka shiga daji.