Daga Peshawar: Yaron da aka haifa a nan ɗan wace ƙasa ne?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga Peshawar nake magana. Titin nan da ke bayana, in ka miƙe shi yamma, Torkham zai kai ka, bakin iyakar Afganistan. Abin da za mu duba shi ne yaron da 'yan Afganistan suka haifa a Pakistan, wace ƙasa ce tasa?

A takarda ba wuya. Dokar Afganistan ta ce ɗan da 'yan ƙasar suka haifa nata ne, ko a ina aka yanke masa cibiya. Pakistan ma, sashe na 4 na dokar zama ɗan ƙasa ta 1951 ya ce wanda aka haifa a ƙasarta ɗan ƙasa ne. Sai dai hukumomin nan ba sa aiki da sashen a kan 'yan gudun hijira. A 2018 Imran Khan, Firayim Ministan Pakistan na lokacin, ya yi alƙawarin ba su takardar zama 'yan ƙasa, aka yi masa caa, maganar ta bi ruwa.

Ku lura, Pakistan ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba. Dokar baƙi ta 1946, gadon Turawan mulkin mallaka, da ita ake hukunci. Don haka katin da ke aljihunka shi ne gatanka. Akwai katin PoR, shaidar rajistar ɗan gudun hijira, wanda NADRA, hukumar rajistar jama'a ta Pakistan, ta fara bayarwa a rajistar 2006 zuwa 2007. Da aka rufe rajistar, 'ya'yan masu katin kaɗai aka riƙa ƙarawa: jariri a sa shi a katin iyayensa, in ya cika shekara 5 a yi masa nasa. Sai katin ACC na 2017, katin shaidar ɗan Afganistan, wanda bai ba mutum matsayin ɗan gudun hijira ba, shaida ce kawai cewa an san da zamansa. Waɗanda suka shigo bayan Taliban ta karɓi mulki a Agustan 2021 kuwa, ba su sami ko ɗaya ba. Da marasa takarda Pakistan ta fara korar 'yan Afganistan a Nuwamban 2023, masu ACC suka biyo baya a Afrilun 2025, wa'adin PoR kuma ya ƙare ranar 30 ga Yunin 2025.

To, a nan gizo ke saƙar. Can gida Afganistan, abin da ke tabbatar da kai ɗan ƙasa shi ne tazkira, wato katin shaidar ɗan ƙasa. Ba ita, ba fasfo, makaranta da gadon fili ma sai an sha wuya. Kuma ta dangin uba ake samunta: tazkirar mahaifinka, ko ta ɗan uwansa namiji, da shaidar mutanen yankinku na asali. Yanzu ɗauki iyalin da kakansu ya tsallako a 1979, lokacin da Sobiyet ta shiga, bai taɓa yankar tazkira ba, ya rasu a sansani. Jikansa ya fi jin Urdu, bai san sunan ƙauyensu daidai ba. Wa zai tsaya masa? Doka ta ce ɗan ƙasa ne, hujja babu. Ni a ganina matan da mazansu suka rasu sun fi kowa shiga tsaka mai wuya, domin mata da yawa dama ba su da tazkira, balle su yanka wa 'ya'yansu.

Mai PoR da zai koma, kada ya kama hanyar boda kai tsaye. Ya fara zuwa cibiyar UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta Azakhel kusa da Nowshera ko ta Baleli a Quetta. Can ake soke katin, a ba shi takardar komawa da sunan kowa na gidan. Ya duba sunayen ɗaya bayan ɗaya, don jaririn da ba a rubuta ba ba ya cikin lissafin tallafi. Takardar haihuwa da sakamakon makarantar yara su kasance a jikinsa, kada su shiga cikin kayan da aka ɗaure a saman babbar mota.