Sarki ya faɗi, 'yan fim sun samu abinci: lacca kan fim ɗin gidan Romanov

Assalamu alaikum jama'a, na baya ku matso gaba, akwai kujeru. Yau maganar mu kan finafinan da ne, irin na kurame wanda ba a jin murya, sai dai a hasko rubutu a allo ka karanta abin da mutum ya ce.

A watan Maris na 1917 Sarkin Rasha Nicholas na biyu, na gidan sarautar Romanov, ya sauka daga mulki. To ku ji sauri, kafin shekarar ta ƙare wani darakta a Amurka, Herbert Brenon, har ya saki fim mai suna The Fall of the Romanoffs. Lokacin fa sarkin na nan da ransa a tsare shi da matarsa da 'ya'yansa, sai a Yulin 1918 aka kashe su. Wato mutum na raye ana sayar da tikitin kallon faɗuwarsa.

Kuma wa ya kawo labarin? Wani limamin coci ɗan Rasha da aka tuɓe, Iliodor, da can abokin Rasputin ne, wato mutumin addinin nan da ya samu fada sosai wajen sarki da sarauniya, sai suka ɓata ya zama babban maƙiyinsa, ya gudu Amurka, shi ne ya fito a fim ɗin a matsayin kansa. Yanzu don Allah in maƙiyinka ne zai ba da tarihinka me kake tsammani? Rasputin kuma an riga an kashe shi tun Disambar 1916, babu bakin kare kai. A Rasha ma haka aka yi, zamanin sarki ba kowa ke da izinin ɗaukar gidan sarauta a fim ba, yana faɗuwa sai finafinan Rasputin suka cika gari, yawanci tsegumi ne da batsa.

Sai maganar tacewa, kuma nan nake so ku kula. A Chicago tun 1907 sai 'yan sanda sun ba da takarda kafin a nuna fim, a 1917 ɗin wani Manjo Funkhouser ne ke riƙe da almakashin. Jihohi irin su Ohio da Pennsylvania kowacce da tata hukumar. A 1915 kotun ƙolin Amurka ta yanke cewa fim kasuwanci ne kawai, ba ya cikin 'yancin faɗin albarkacin baki, ba a warware wannan hukuncin ba sai 1952. Don haka fim ɗaya ne amma wanda ɗan New York ya kalla daban da na ɗan Chicago, kuma yankan ba wuya, ka cire allon rubutu guda ɗaya shikenan ma'anar wajen ta canza.

Ni a ganina masu tacewar nan ba mutuncin sarki ne ya dame su ba, abin da suka fi bi shi ne tsiraici da shiga ɗakin mata da zubar da jini. Ko abin da aka faɗa kan sarauniya gaskiya ne ko ƙage, wannan ba aikinsu ba ne.

Wani zai ce malam a ina za mu kalla? Ba za ku kalla ba, fim ɗin ya ɓata kamar yawancin na zamanin, saboda faifan da ake amfani da shi yana ruɓewa kuma yana kama wuta. Wanda ake samu kan faɗuwar gidan Romanov shi ne na wata darakta 'yar Tarayyar Sobiyet, Esfir Shub, na 1927, ita ba ta sa kowa ya yi wasa ba, tsofaffin hotunan gaske ta tattaro har da na fadar sarkin, ta jera su yadda gwamnatin Sobiyet ke so. Mai tambaya ya ɗaga hannu.