Ƙwaƙwalwar wanda aka haifa kurma

Assalamu alaikum, 'yan'uwa maza da mata. Tambayarmu ta yau ita ce: yaron da aka haifa bai taɓa jin sauti ba, wane aiki sashen ji na ƙwaƙwalwarsa yake yi?

Wannan sashe yana gefen ƙwaƙwalwa, daidai saman kunne, dama da hagu. Mutum zai zaci in sauti bai iso ba, sai wurin ya shanye. To, abin ya fi kama da gona mai kyau da mai ita bai zo ba: maƙwabta ba sa barinta ta zama saura. Gani da taɓawa su ne maƙwabtan da ke shiga su noma ta.

A 2001, masu bincike Finney da Fine da Dobkins sun sa kurame cikin na'urar MRI, mai ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa, suka nuna musu ɗigo-ɗigo masu motsi a allo. Sai ga sashen ji ya kama aiki, musamman na dama. Ido ne ya gani, amma wurin ji ya amsa.

Wanda ya fi burge ni shi ne binciken Stephen Lomber da abokan aikinsa a 2010, kan kyanwoyin da aka haifa kurame. Waɗannan kyanwoyi sun fi masu ji hango abu ta gefen ido, sun kuma fi su saurin gane motsi. Sai aka ɗora wani ɗan siririn bututu a kan sashen jinsu, aka sanyaya wurin har ya yi barci na ɗan lokaci. Nan take fifikon ya ɓace, ganinsu ya koma daidai da na kowace kyanwa. Kuma ku lura da kyau: yankin da ke taimakon ganin gefe daban, mai taimakon gane motsi daban.

Akwai kuma abin da ke raguwa. Karen Emmorey ta nuna a 2003 cewa girman naman sashen bai ragu ba, amma fararen zaruruwan da ke kai saƙo da kawowa sun yi ƙasa. Wato hanyoyin sadarwa ne suka sauya.

Yanzu maganar harshe, wadda ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Laura-Ann Petitto ta gano a 2000 cewa maganar hannu tana motsa wuraren harshe na ɓangaren hagu, waɗanda mu ma muke magana da su. Kurman da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa hagun ƙwaƙwalwa, maganar hannunsa takan rikice, kamar yadda bakin mai ji yake rikicewa.

Sai dai lokaci ba ya jira. Anu Sharma ta nuna cewa yaran da aka dasa wa na'urar ji cikin kunne kafin shekara 3 da rabi, sashen jinsu yakan amsa sauti daidai da na tsaransu masu ji. Bayan shekara 7 kuwa da wuya. Haka harshe ma. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame, iyayensu masu ji ne, kuma akasari ba su iya maganar hannu ba. Sai yaro ya kai shekarun makaranta ba shi da harshe ko ɗaya, alhali ƙwaƙwalwarsa a shirye take tun yana goye. Rachel Mayberry ta bi irin waɗannan, ta tarar ko sun shekara da shekaru suna maganar hannu daga baya, dogayen jimloli masu sarƙaƙiya suna ba su wahala.