Nas ta ga abin da ta gani, wa za ta faɗa wa?

Sadiya: Assalamu alaikum masu sauraro, daga nan Katsina ne kamar kullum. Ni ce Sadiya, ga Kabiru, ga kuma Anti Binta ta cika mana alkawari. Anti, tun da muryar nan ta wata nas da ke ba da labarin yaron da aka kawo mata asibiti ta shiga WhatsApp wayata ba ta huta ba.

Kabiru: Ni har a majalisa an tare ni da zancen.

Anti Binta: Ai dole. Duk wanda ya taɓa aikin asibiti, da ya ji muryar yarinyar nan ya san ba shiri ba ne. Kuma kada kowa ya tambaye mu inda take aiki, ba za mu faɗa ba. An kawo mata yaro ɗan shekara huɗu, wai ruwan zafi ya zube masa. Ta duba, ƙafafu biyu sun ƙone daidai wa daida har idon sawu, bakin ƙunar a miƙe kamar an sa masa safa. To ruwan da ya zube fallatsa yake yi, ƙunar ta fito nan da can, yaro kuma fizge ƙafa yake. Irin wannan kuwa, abin da za ka fara zargi shi ne tsoma shi aka yi aka riƙe.

Kabiru: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Anti Binta: Ta wanke, ta ɗaure, ta rubuta "ƙuna" a kati, aka sallame su. Yanzu ita ce ba ta barci.

Kabiru: Amma Anti, ai tana da na gaba da ita. Ina matiron?

Anti Binta: Kabiru, na riƙe ɗakin yara, na san abin da zagayen safe yake dubawa. Wa ya makara, wa bai sa hannu a rajista ba, allura nawa ta rage a kabad, me ya sa hular wance ta karkace. Duk suna da amfani, ban ce a bari ba. Amma babu gurbin da za a ja kujera a ce, 'yata, yaron jiya me kika gani a jikinsa, me ya hana ki rubutawa? Ita kuma tana tsoron in ta ɗaga maganar a ce ta cika shisshigi, ko uban yaron ya biyo ta gida. Garin nan kowa ya san gidan kowa.

Sadiya: Ƙawata da ta koma aiki Ingila ta ce su can tilas ne, masu aiki da yara akwai lokacin da ake ware musu su zauna da wata babbar nas da aka ɗora wa kare yara kawai, a…

Anti Binta: Bari in karɓe ki, 'yata. Su ma ba da daɗi suka koya ba. Akwai wata yarinya, Victoria Climbié, 'yar Kwaddibuwa, tana da shekara 7 aka kai ta Landan riƙo wurin 'yar'uwar kakanninta. A 1999 asibiti biyu suka kwantar da ita, ma'aikata sun ga tabo a jikinta, wasu sun yi zargi, amma aka mayar da ita hannun masu azabtar da ita. Ta rasu a Fabrairun 2000, aka ƙirga rauni 128 a jikinta. Binciken Lord Laming da ya fito a 2003 ya nuna wannan ya ga kaɗan, wancan ya ga kaɗan, ba wanda ya haɗa. Shi ya sa zaman nan yake da nauyi a wurinsu. Ki zo da lamarin da ya tsaya miki a rai, a bi shi daki-daki: me kika gani da idonki, me aka faɗa miki, wa kika sanar, me ya rage a yi. A rubuta abin da aka yanke. Sannan a tambaye ki ke kanki ya kike ji. Kuma ba zaman tuhuma ba ne, ba ya shiga fayil ɗin ƙarin girma.

Kabiru: Ni fa ko labarin jini ba na so.

Sadiya: Ai mun sani! Masu sauraro, wannan bawan Allah ne ya je ba da jini, tun kafin a fito da allura ya sulale.

Kabiru: Ban sulale ba, azumi nake.

Sadiya: Azumin me ranar Asabar bayan ka tashi da kwanon waina?

Kabiru: Waina biyu ce. Kuma fankar ɗakin ba ta aiki.

Anti Binta: Manyan maza ai su ne suka fi ba mu wahala. Ka ga mutum da rawani da babbar riga, da an shafa auduga sai ya fara salati yana neman a kira masa uwargida.

Kabiru: To ni ban kira kowa ba.

Sadiya: Da wane bakin? Lemon kwalba biyu aka ɗura maka kafin ka gane sunanka. Jinin ma ba a ɗiba ba, asibiti ne ya yi asara.

Kabiru: Zan koma.

Sadiya: Mu ma za mu zo da makirufo.

Anti Binta: Ku bar shi haka. Ina muka tsaya? Yauwa. Abin da ya fi ƙuna wuya shi ne fyaɗe. Nan akwai agogo a kanki: maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, in ya wuce ya wuce. Ga uwa tana kuka, ga kawu a bakin ƙofa yana cewa a rufa asiri, an riga an zauna da mai unguwa. Ga yarinya 'yar shekara ashirin da 'yan kai da ta gama makarantar jinya bara, ita kaɗai a aikin dare. In ba a taɓa zama da ita an ce ga wanda za ki kira, ga yadda ake rubuta rauni ba tare da kin yanke hukunci ba, ga ofishin jin daɗin jama'a, wallahi shiru za ta yi. Kuma ba muguwa ba ce.

Sadiya: Amma doka tana bayanta ai.

Anti Binta: Tana nan. Ta tarayya ta haƙƙin yara tun 2003, tamu ta jiha ta kare yara kuma gwamnan lokacin, Masari, ya sa mata hannu a 2020. Je ki tambayi ma'aikatan ƙaramin asibitin ƙauye nawa ne suka taɓa ganin kwafinta.

Kabiru: Ni abin da nake tunani, ina lokacin zaman ma? Mutum ɗaya yana riƙe da ɗaki guda.

Anti Binta: Ka yi tambaya yau. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun ce a wata shidan farko na 2025 yara 652 suka rasu da tamowa a cibiyoyinsu na jihar nan. Kowane ɗaya akwai wadda ta zare masa robar hanci, ta naɗe shi, ta miƙa wa uwar, ta juya kan gado na gaba. Mu da an saba mana da cewa haƙuri, aikin lada ne. Lada na nan, amma na ga masu kirki sun koma masu tsawa, na ga wadda ta daina kallon fuskar yara gaba ɗaya. Wadda ba ta kallon yaro ta ina za ta ga tabo? Awa ɗaya a wata nake roƙo, ko rukuni ne na mutum biyar, a rufe ƙofa, a ajiye waya. Kuma kada a ba wanda ke rubuta maka takardar tuhuma ya jagoranta, ba mai buɗe baki.

Sadiya: To Anti, mun yi alkawarin matakai uku ga wadda ta samu kanta a irin wannan hali. Na farko…

Kabiru: Sadiya, an fa kira Magariba, kuma batir ya nuna ja.

Anti Binta: Ta rubuta abin da ta gani dalla-dalla, da rana da lokaci, ta faɗa wa likitan da ke aiki kafin a sallami yaron. Sauran sai wani makon.

Sadiya: Shi ke nan. Masu turo saƙo, don Allah ban da sunan asibiti ko na mara lafiya. Sai mun haɗu.