Kifin da Alƙalai Ke Leƙa wa Ido Kafin Su Ba Shi Kofi

Nura: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau mu uku ne cif, Yaya Binta ta dawo daga biki, Kabiru kuma ya makara kamar yadda ya saba.

Kabiru: Cunkoso ne, Malam Nura.

Nura: Kullum cunkoso. To, tun ranar Juma'a wayata ba ta huta ba saboda bidiyon nan da aka jefa a guruf. Kun dai gani, manyan mutane riƙe da takarda da biro, wani har da 'yar tocila, sun duƙa gaban akwatunan gilashi suna ƙare wa kifi kallo.

Binta: Ni wallahi na ɗauka likitoci ne. Na ce oh, kifin ma an kwantar da shi.

Nura: Alƙalan gasa ne, Yaya. Kifin kuwa diskus ne, irin wanda kuka gani a falona, mai faɗi kamar faifai.

Kabiru: Wanda na ce a soya mana.

Nura: Shi fa. Kuma ka sani ɗan'uwan karfasa ne, danginsu ɗaya, sai dai shi asalinsa kogunan Amazon ne a Kudancin Amurka.

Kabiru: Ka ga ke nan maganata ta fito. Ɗan'uwan karfasa ai kasko ne makomarsa. Ni gasar kifin da na sani ta Argungu ce, a ɗora a sikeli, wanda ya fi nauyi ya ci, kowa ya watse. Mene ne na tocila?

Nura: Bari in faɗa maka abin da suke dubawa, don mutane sun ɗauka launi ne kawai. Kafin a zo kan launi, siffa ake fara kallo. Ana so jikin ya kewaye tas, tsawonsa da tsayinsa su kusa daidaita. Idan ya miƙe ya yi kamar gwanda, ya zubar da maki. Daga baki zuwa goshi zuwa fiffiken baya ana so layin ya tafi sumul, ba lotsawa a saman hanci. Sai a zaga a kalle shi ta gaba: goshin ya cika, ko ya sirance kamar bakin wuƙa? Idan ya sirance, kifin ya sha ciwo ko yunwa. Sai fika-fikai, babu yagewa, babu karkata. Marfin da yake numfashi ta ƙarƙashinsa ya rufe ruf. Sannan ido.

Binta: Ido kuma?

Nura: Nan ne wajen, Yaya. Ana son ido ƙarami daidai da jiki, garau, kuma a yawancin nau'o'i ja jawur. Kifi mai manyan idanu ba ya cin kofi.

Binta: Ikon Allah! Mu nan dara-daran ido ake yaba wa mace, can kuma aibi ne.

Kabiru: Da Yaya Binta kifi ce da tun a bakin ƙofa za a sallame ta.

Binta: Kabiru, ka kiyaye ni. Ni na goya ka.

Nura: Ai akwai dalili. Idan kifi bai samu abinci da ruwa mai tsabta ba yana ƙarami, jikin sai ya tsumbure amma ido ya ci gaba da girma. To alƙali da ya kalli ido ya kwatanta da jiki, ya karanta tarihin kiwon gaba ɗaya. Ni ya faru da ni. Farkon shigata harkar, na je wani shago na ga wani ɗan ƙarami, bai fi tafin hannun yaro ba, launi ya fito ɓaro-ɓaro, idanu kwala-kwala yana kallona. Na ce wannan kyakkyawa ne. Mai shagon ya ce min jariri ne, wata uku. Na biya, na riƙo ledar a cinya har gida kamar mai ɗauke da ƙwai. Shekara guda ina ba shi niƙaƙƙiyar zuciyar shanu, ina canza ruwa, ko ɗan yatsa bai ƙara ba. Ashe tsoho ne tsumburarre aka sayar min.

Kabiru: Ka sayi dattijo a matsayin jinjiri.

Nura: Wallahi. Kuma launin nan da ya ruɗe ni shi ne ya kamata ya ankarar da ni, don ɗan kifi ba ya cika launi da wuri haka sai dai ko tsoho ne ko an ɗura masa sinadari. Wannan ma alƙalai suna sa ido a kai, masu ba kifi sinadarin da ke fito da launi kafin lokaci, da masu gyara fiffike da almakashi.

Binta: Bilicin har a ruwa.

Nura: Shi ya sa akwatunan gasa duk iri ɗaya ne, tsirara, ba yashi ba ciyawa, lamba kawai ake mannawa. Alƙali bai san na wane ne ba. Kowa ya cike takardarsa, a tara maki. Kuma ba a haɗa kowa da kowa. Na daji da ajinsu, masu launi ɗaya zalla da nasu, masu ratsi, masu ɗigo-ɗigo, kowanne daban. Na daji akwai wanda ake kira Heckel, sunan masanin ƙasar Ostiriya da ya fara rubuta bayanin kifin a 1840. Diskus yana da ratsi tara a tsaye, to shi wannan na biyar ɗin ne ke fitowa baƙi ƙirin a tsakiyar jiki, kuma idan ratsin ya karkace ko ya yanke, magana ta ƙare. Babbar gasar da ta yi suna ita ce ta birnin Duisburg a Jamus, wadda wani mai shagon dabbobi, Norbert Zajac, ya fara a 1996, aka riƙa yin ta duk bayan shekara biyu. Masu kiwo daga Asiya, musamman 'yan Penang a Malesiya, su ne...

Kabiru: Tsaya, a jirgi ake kai kifin?

Nura: A leda, da iskar oksijin, cikin kwalin da ke riƙe ɗumi. Kwana biyu ko uku kafin tafiya ake hana shi abinci don kada ya ɓata ruwan ledar. Nan ma jarrabawa ce, don diskus akwai zuciya. Da ya tsorata sai ya yi duhu, baƙaƙen ratsin nan su fito, ya tattare fika-fikai ya laɓe a lungu. Sai ka ga kifin da a gida ba kamarsa, ranar gasa ya juya wa alƙalai baya. Wanda ya fito gaban gilashi ya baje fiffike, shi ke kwasar makin kwarjini. Akwai kuma wani nau'i da wani ɗan Tailan, Kitti Phanaitthi, ya fitar a farkon shekarun 1990, ana ce masa Pigeon Blood, wato jinin tattabara.

Kabiru: Tattabara! Yanzu ka zo gidana. Kun san ni ma alƙali ne a wannan fannin.

Binta: Alƙalin da tattabarunsa suka gudu gidan maƙwabci?

Kabiru: Ba gudu suka yi ba, Yaya, ziyara suka je.

Binta: Shekara nawa yanzu?

Kabiru: Huɗu. Amma zumunci ai ba a ƙayyade masa lokaci. Kuma namijin har yanzu idan na wuce ta layin yana kallona.

Nura: Da wane ido, ƙarami ko babba?

Kabiru: Idon cin amana. Dawa na saya musu kwano guda ranar, wallahi ko taɓawa ba su yi ba. Akurkin na nan, na mayar da shi wajen ajiye takalma.

Binta: Ka sa masa lamba ka kai shi Jamus.

Kabiru: Su leƙa da tocila su ga silifa.

Nura: To, jinin tattabaran dai. Matsalarsa baƙin ɗigo ne da ke fesowa a fuska da fika-fikai, kamar an barbaɗa masoro. Alƙali na ganin haka zai rage maki, shi ya sa masu kiwonsa ke ajiye shi a akwati mai farin ƙasa, don wuri mai duhu na ƙara fito da ɗigon.

Binta: Ni abin da ban gane ba, Nura, idan kowa na bin ja zalla ko shuɗi zalla, ba a lalata kifin ba kuwa? Na dajin da ka nuna min ya fi min kyau nesa ba kusa ba.

Nura: Ina bayanki a nan, Yaya. Ni a ganina wasu nau'o'in sun koma kamar faranti da aka yi wa fenti. Kuma idan ana ta haɗa 'yan gida ɗaya don launi, siffa ce ke fara lalacewa. Ga wani abu da takardar alƙali ba ta aunawa: diskus na shayar da 'ya'yansa. 'Yan kwanaki bayan ƙyanƙyashewa sai su manne a jikin uwa da uba suna tsotsar wani yauƙi da fatarsu ke fitarwa, iyayen suna karɓa-karɓa. Kifi zai iya cin kofi alhali ko renon 'ya'ya bai iya ba.

Kabiru: Kamar wasu iyayen.

Nura: Kar ka ja mana. Yauwa, mun yi alkawarin amsa tambayar da aka fi turowa, ko za a iya kiwonsa a nan da zafinmu da ɗauke wutarmu. A gurguje, yana son ruwa mai ɗumin digiri 28 zuwa 30, saboda haka lokacin hunturu dole hita, sannan ruwan rijiyar burtsatse...

Binta: Nura, ana ɗaga maka hannu, batirin na'urar ya yi ja.

Nura: Kash! To ruwan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Kabiru, ajiye min ledar nan, abincin kifi ne ba kilishi ba.

Kabiru: Ai na riga na ɗanɗana.