Yadda ake kama mai kisa kafin zuwan na'ura

Masu kallo, barkanmu da war haka. Yau za mu duba wani nau'in ƙagaggen labari mai hana barci: an tsinci gawa, ba wanda ya ga makashin, kuma abin ya faru ne shekaru ɗaruruwa da suka wuce.

Abin da ke riƙe ni a irin wannan littafi shi ne mai binciken ba shi da komai sai idonsa da hankalinsa. Sai a 1892 aka fara kama mai kisa ta hanyar zanen yatsa, a Ajantina. Gwajin ƙwayoyin halitta na DNA kuwa bai shiga binciken laifi ba sai 1986, a Ingila. Gubar asinik ta daɗe tana kashe mutane ana ɗora wa ciwo, domin amai da gudawar da take sawa sun yi kama da na kwalara, har sai da wani masanin kimiyya ɗan Birtaniya, James Marsh, ya fito da gwajin gano ta a 1836.

To, kafin nan fa? Kada ku ɗauka mutanen da ba su da dabara. A 1247, wani alƙali a ƙasar Sin mai suna Song Ci ya rubuta littafi a kan duba gawa. A ciki ya kawo labarin mutumin da aka sassare da lauje. Jami'in bincike ya sa mutanen ƙauyen suka kawo laujunansu, aka jera su a ƙasa. Duk ga su fes, amma ƙudaje suka yi dafifi a kan guda ɗaya, saboda ƙarnin jinin da ido ba ya gani. Mai laujen ya amsa laifinsa. Wallahi duk sanda na tuna wannan, sai tsigar jikina ta tashi.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan marubuci ya sa wa mai bincikensa rigar mutanen da, amma ya ba shi tunanin ɗan yau: ya san ƙwayoyin cuta tun ba a gano su ba, yana raina abin da kowa a zamaninsa ya yi imani da shi. Nan take labarin ke mutuwa a hannuna. Ni dai a ba ni wanda ke tsoron maita kamar maƙwabcinsa, amma duk da haka ya durƙusa ya duba sawun da ke bakin ƙofa.