Biri ya tsallake aikin banza, yaro ya bi sau da ƙafa

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Yau daga gidan namun daji na birnin Leipzig a Jamus nake muku magana. Bari in juya kyamarar. Kun ga wancan goggon birin, nau'in cimfanzi, da ya juya mana ƙeya? Wannan sashe ba na 'yan kallo kaɗai ba ne. Tun 2001 masanan cibiyar bincike ta Max Planck suke gwada basirar waɗannan dabbobi a nan.

A nan aka yi gwajin gyaɗa. Za a ɗaure siririn bututu mai tsawo, a jefa ƙwayar gyaɗa can ƙasa, inda yatsa ba ya kai. Birai nau'in orangutan suka je mashaya, suka cika baki da ruwa, suna tofawa cikin bututun har gyaɗar ta taso. Daga baya wasu cimfanzi ma suka gano dabarar, ko da yake da yawansu sun kasa. Yara 'yan shekara 4 kuwa, yawancinsu ko tunanin ruwan bai zo musu ba.

Amma gwajin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na masana biyu, Victoria Horner da Andrew Whiten, wanda ya fito a 2005. Sun yi shi da cimfanzin tsibirin Ngamba a Yuganda, da kuma wasu ƙananan yara. Aka kawo baƙin akwati, ba a ganin cikinsa. Mai gwaji ya zura sanda ta ramin sama ya ƙwanƙwasa, sannan ya buɗe 'yar ƙofar gaba ya zaro ladan da ke ciki. Biri ya kwaikwaya, yaro ya kwaikwaya. Sai aka sauya da akwati garau wanda ake hango cikinsa, kowa na gani cewa ramin saman nan ba ya kai ko'ina. Biri ya ce ba da shi ba, ya nufi ƙofa kai tsaye. Yaran fa? Suka ci gaba da zura sanda a sama, suna ƙwanƙwasawa da gaske kamar wajibi.

To wa ya fi wayo a nan? Da farko mutum zai ba biri. Ni dai ban ba shi duka ba. Yaron nan ya ɗauka cewa babba ba zai yi abu haka kawai ba, akwai dalili ko bai gane shi ba tukuna. Da wannan yardar ce ɗan'adam yake karɓar ilimin da ya fi ƙarfin kansa, ya riƙe, wani ya zo ya ɗora.

Ku duba dajin Taï a ƙasar Kodebuwa. Cimfanzin can suna fasa ƙwallon itatuwa da dutse, aikin da ɗan biri kan shafe shekaru yana zaune gefen uwarsa kafin hannunsa ya faɗa, kuma da wuya ta kama hannunsa ta nuna masa. Masu haƙa ƙasa sun tono irin waɗannan duwatsu a dajin, shekarunsu kusan 4,300. Har yau dutse ne a sama, ƙwallo a ƙasa, yadda kakanninsu suka yi.